Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Da Suka Zaɓa Wa Laftof Ɗina SSD

Zuwa ga Manaja da dukkan ma'aikatan sashen gyaran kwamfuta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode muku bisa yadda kuka karɓe ni ranar da na kawo laftof ɗina a canza mata ma'ajiya, musamman bisa yadda injiniyanku ya hana ni sayen abin da na zo da niyyar saye, duk da cewa da ya bar ni na saya, da cinikinku ya fi haka kauri.

Laftof ɗin ta shekara shida a hannuna, kuma da ita nake aikin fassara da shirya takardu, wanda shi ne hanyar abincina. A watannin baya ta kai matsayin da idan na kunna ta sai in jira kusan minti uku kafin ta ba ni damar buɗe fayil, ga kuma wata 'yar ƙara kamar ta agogo da take fitowa daga gefenta na hagu. Na yi karance-karance, na ji ana yabon SSD, wato sabuwar ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, nau'in NVMe mai saurin gaske, har na haddace cewa wasu suna karanta megabait 7,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka na shigo wurinku da shawarata a yanke, ina neman wadda ta fi kowace gudu.

Injiniyanku bai yi gardama da ni ba, sai ya ce, "Yallaɓai, bari mu tambayi kwamfutar tukuna." Ya duba lambar samfurinta, ya kwance notukan bayanta ya jera su a kan wani ɗan faranti bisa tsarin da ya ciro su, ya cire wayar batir daga babban allo kafin ya taɓa komai, sannan ya juyo da ita ya nuna mini cikinta. A nan na ga tsohon faifan ajiyar mai inci 2.5 kwance a gurbinsa, kuma a kusa da shi akwai wani siririn gurbi na M.2 da babu komai a ciki. Ya bayyana mini cewa M.2 sunan siffa ce kawai, domin akwai gurbin da yake aiki da NVMe, akwai kuma wanda SATA, wato tsohuwar hanyar haɗa ma'ajiya da kwamfuta, kaɗai yake ganewa, kuma nawa irin na biyun ne. Da na sayi NVMe, ko dai ta ƙi shiga, ko kuma ta shiga kwamfutar ta ƙi ganinta. Ya kuma fahimtar da ni cewa lambar 2280 da nake gani a kan kwalaye tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, kuma akwai gajeru irin 2242 da 2230, don haka dole mutum ya auna gurbinsa kafin ya biya kuɗi.

Na nuna damuwa cewa SATA ba ta wuce kusan megabait 550 a daƙiƙa, sai ya ba ni amsar da ta kwantar mini da hankali. Ya ce tsohon faifaina yana juyawa sau 5,400 a minti, kuma duk lokacin da aka nemi wani bayani sai wata 'yar allura ta yi tafiya ta nemo shi, to wannan nema shi ne yake cin lokacina, alhali SSD ba ta da abin da yake motsi a cikinta. Ga mai aikin rubutu irina, babban bambancin yana tsakanin faifai mai juyawa da SSD kowace iri ce, ita kuwa tazarar da ke tsakanin SATA da NVMe masu tace bidiyo da masu kwashe manyan fayiloli ne suka fi jin ta. A ganina wannan bayani ya fi duk abin da na karanta amfani, domin an auna shi ne da aikin da nake yi.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne binciken da ya yi wa tsohon faifan kafin ya fara kwafe shi. Ya buɗe bayanan lafiyarsa da ake kira SMART, ya nuna mini cewa wasu sassansa sun riga sun lalace, sai ya dakatar da komai ya ce a fara ceto takarduna zuwa wata ma'ajiya ta waje. Na tsaya ina kallon sunayen fayilolin aikin shekara shida suna wucewa a kan allo ɗaya bayan ɗaya, gabana yana faɗuwa a duk inda kwafin ya ɗan tsaya, har aka kammala babu wanda ya salwanta. Saboda halin da faifan yake ciki ne ya ba da shawarar a cire shi gaba ɗaya, a sa SSD mai inci 2.5 da kaurin milimita 7 a gurbinsa, a bar gurbin M.2 don ƙari nan gaba.

Wajen zaɓe ma bai bar ni cikin duhu ba. Ya ajiye guda biyu a gabana, ɗaya TLC mai riƙe bit 3 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani) a kowace ƙwayar ajiya, ɗaya QLC mai riƙe 4, ya ce ta biyun ta fi sauƙin kuɗi amma ta farkon ta fi jure yawan rubuta bayanai a cikinta. Ya nuna mini lambar TBW a jikin kwalin wadda na ɗauka, wato jimillar bayanan da aka lamunce za a iya rubutawa a cikinta, terabait 600 tare da garantin shekara biyar, muka lissafa tare cewa ko da gigabait 50 nake rubutawa kullum, sai na haura shekara 30 kafin in cinye wannan adadi. Ya kuma gargaɗe ni tun da wuri cewa terabait ɗaya zai bayyana a Windows a matsayin gigabait 931, kada in zaci an rage mini wani abu.

Yanzu laftof ɗin tana tashi cikin daƙiƙa ashirin ko ƙasa da haka, ƙarar nan ta ɓace, kuma cinyata ba ta jin zafin da ta saba ji. Ina bin shawarwarin da aka ba ni a bakin ƙofa, wato kada in cika ma'ajiyar maƙil, kuma in riƙa ajiye kwafin aikina a wani wuri dabam, tunda SSD ba ta yin ƙarar gargaɗi kafin ta mutu kamar yadda tsohon faifaina ya yi.

Ina roƙon Manaja ya isar da godiyata ga wannan injiniya da kuma matashin da ya taya shi, wanda ya naɗe mini tsohon faifan a cikin leda ya rubuta kwanan wata a jikinta. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa sana'arku albarka.

Naku,
Wani abokin cinikinku