Sanarwa kan fitar da za mu yi zuwa sansanin Ponkapoag

Assalamu alaikum ƴan uwa, iyaye da ƙanne da ke Boston da kewaye.

Wurin da muka tsayar shi ne sansanin Ponkapoag, a bakin tafki cikin dajin Blue Hills, kudu da birnin kaɗan. Ƙungiyar masu yawon daji da hawan tsaunuka, Appalachian Mountain Club, ce ke riƙe da shi. An kafa ta a 1876, sansanin kuma ya haura shekara 100, masu aikin sa kai ne ke kula da shi.

Don Allah kada kowa ya zo da tunanin otal. Ɗakunan katako ne, babu lantarki, babu famfo, banɗakin ma na waje ne. Da na kwana can bara, da magariba na zauna a ƙofar ɗaki, ba ka jin komai sai kukan kwaɗi da motsin ruwa, fitila ɗaya a gabana. Wallahi sai na tuna daren ƙauyenmu, na yi ta addu'ar ƴaƴanmu da aka haifa nan su ɗanɗani irin wannan natsuwar.

Kowane gida ya taho da ruwan sha da na alwala, buta, darduma, tocila, bargo da abin girki. A sa wa yara dogon wando, a riƙa duba jikinsu saboda kaska, domin cizonta na kawo cutar Lyme a yankin nan.

Mai zuwa ya rubuta yawan mutanen gidansa a nan kafin Juma'a, mu samu kama ɗakuna da wuri.