Wasiƙa Kan Sabon Ƙwallo da Ramin Yashi

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma baƙunta? Allah ya sa mu ji alheri.

Ka tambaye ni batun rage wa ƙwallon golf nisa da ake ta cece-kuce a kai. A Disamban 2023 ne hukumomi biyu masu tsara dokar wasan, R&A da USGA, suka sanar za su sauya yadda ake gwada ƙwallo. Na'ura ce ke bugawa. Da can kan sandar yana gudun mil 120 a awa, yanzu za a kai shi 125, amma iyakar nisan da aka yarda da shi yana nan a yadi 317. Ke nan dole kamfanoni su ƙera ƙwallon da bai kai na yanzu tafiya ba. A lissafinsu, ƙwararru masu dogon bugu za su rasa yadi 13 zuwa 15, irinmu 'yan kulob kuwa abin bai wuce yadi 5 ba. Don haka kada ka ce za ka sayi kwali guda na ƙwallon yanzu ka ɓoye.

Abin da ya jawo haka shi ne tsofaffin filaye sun fara yi wa 'yan wasan yau kaɗan. Dubi tsohon filin St Andrews na Skotland, ƙasar da tun 1457 Sarki James na Biyu ya haramta wasan saboda yana hana mutane koyon harbin baka. Ramuka 22 ake bugawa a filin, sai a 1764 aka haɗe wasu suka koma 18, daga nan duniya ta ɗauka. Bakwai daga cikin girin ɗinsa, wato shimfiɗar gajeriyar ciyawa da rami yake a kai, ramuka biyu-biyu ne ke tarayya a kansu, kuma in ka haɗa lambobin kullum 18 suke bayarwa: 2 da 16, 3 da 15, haka dai. To, wannan fili ba shi da wurin faɗaɗawa. Kafin gasar Open ta 2010 sai da aka ja wurin fara bugu na rami na 17 baya, har wajen tsohuwar iyaka, ya kai yadi 495.

Amma ni a ganina ba tsawo ne ke tsare wannan rami ba. Titi da katanga suna bayan girin, a gaba kuma ga wani ƙaramin ramin yashi mai zurfi da miƙaƙƙen bango. A 1978 ɗan Japan Tommy Nakajima ya hau girin lafiya lau, ya gangara ƙwallo ya wuce ya faɗa cikin yashin, sai a bugu na 4 ya fito, ya tashi da bugu 9 a ramin. Ko Rory McIlroy, da ya ci gasar Masters ta Amurka a Afrilun 2025 ya zama na 6 da ya haɗa manyan kofunan golf huɗu, da weji, wato sandar gajeren bugu mai ɗaga ƙwallo sama, ya kusa ɓarar da garin a ranar ƙarshe: ya jefa ƙwallo a rafi a rami na 13, ya jefa a yashi a na 18, sai da aka je bugun raba gardama da Justin Rose.

Tunda ka ce yashi na cinye maka maki, ga yadda ake fita. Ɗauki weji mai digiri 56. Buɗe fuskarta ta kalli sama tukuna, sannan ka riƙe. In ka riƙe kafin ka buɗe, hannu zai mayar da ita rufe a lokacin bugu. Murza ƙafafu su ɗan nutse, ƙwallon ya kasance wajen ƙafar gaba, nauyinka ma ya fi karkata can, kuma ya zauna a can har ka gama. Ba ƙwallon za ka buga ba, yashin da ke bayansa da kamar inci 2 za ka sara, shi zai ɗauko ƙwallon ya fito da shi. Ƙasan sandar yana da ɗan tudu wanda ke sa ta zame maimakon ta nutse, shi ya sa ake buɗe fuskar. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsoro: mutum ya rage ƙarfi dab da yashi, sandar ta maƙale, ƙwallon ya yi tsalle ɗaya ya dawo gabansa. Na biyu, komawa kan ƙafar baya da nufin ɗaga ƙwallon, sai bakin sandar ya daki cikinsa ya tsallake girin gaba ɗaya. In yashin jiƙaƙƙe ne ya daskare, rage buɗewar, don tudun zai yi tsalle a kansa. Ka tuna sanda ba ta taɓa yashi dab da ƙwallo kafin bugu, bugu 2 ne tararsa.

Wani abu da yawancin 'yan kulob ba sa amfani da shi: tun dokokin 2019, in ka ga ba mafita, kana iya fitar da ƙwallon bayan ramin yashi a kan layin tuta, ka saki daga tsayin gwiwa, ka biya bugu 2. In ka yarda ka koma inda ka buga na baya, bugu 1 kawai za ka biya, kuma wannan tsohuwar doka ce. Ga wanda ya gangaro daga kan girin, sau da yawa wannan ya fi araha.

Ka gwada a yashin atisaye: ja layi da sanda, ka yi ta sara a kansa ba ƙwallo, har sai sawun ya riƙa farawa daga layin. Ka rubuto mini yadda ta kaya. A gaida mutanen gida da yara.

Wassalam,
Naka amini.