Tafkin tace ruwan ƙazanta ba a gina shi a juya masa baya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka in yi tsokaci kan ruwan ƙazantar da ƙananan garuruwa ke sakewa cikin rafi. Da zarar an tada maganar sai a ce babu kuɗin injuna. Ƙaramin gari ba ya buƙatar injin mai cin lantarki. Tafkuna uku a jere, da rana da iska, sun wadatar, muddin akwai mai kula da su.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da gida ya yi amfani da shi yana dawowa a gurɓace. Kafin ya shiga tafki, dole ya ratsa ragar ƙarfe mai tare leda da tsumma, sannan ya bi wani kwatami inda yashi ke kwantawa. Kullum ake share ragar nan da manjagara. In aka bar ta kwana biyu sai ta toshe, ruwa ya kewaye ta.

Tafki na farko shi ne mai zurfi, mita 3 zuwa 4. A nan dattin ke nutsewa, ƙwayoyin halittar da ba sa buƙatar iska su ruɓar da shi cikin 'yan kwanaki. Na biyu zurfinsa kamar mita ɗaya da rabi ne, kuma gansakuka ce ke aiki a cikinsa: da rana tana fitar da iskar oksijin, ƙwayoyin halitta su yi amfani da ita su cinye sauran dattin. Na uku bai cika wuce mita ɗaya ba, don hasken rana ya ratsa shi ya kashe ƙwayoyin cuta.

Launi kaɗai ya isa shaida. Tafki na biyu in yana da lafiya, kore ne shar, ba wari. In ya koma ruwan toka ko ja-ja, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa. Sau da yawa laifin na tafki na farko ne. Taɓo na taruwa a gindinsa, kuma ƙa'ida ita ce a yashe shi idan ya kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin, wato duk bayan 'yan shekaru. Da farar tsumma a ɗaure jikin doguwar sanda ake auna shi: a tsoma, a zaro, a ga inda baƙi ya tsaya. Wannan aikin ne ba a ware wa kuɗi, domin ba a yanka masa kirtani. Sauran masu kashe tafki su ne baƙin mai na gareji, jinin mayanka, da ruwan sama da aka haɗa magudanarsa da ta masai. Ciyawar bakin tafki kuma gidan sauro ce.

Ruwan da bai tatu ba yana kai sinadaran naitirojin da fosfaras cikin rafi. Gansakuka da kainuwa su rufe shi, cikin dare iskar ruwan ta ƙare, shi ya sa da asuba ake tsintar kifaye a mace. In ba a dandaɓe gindin tafki da yumɓu ko shimfiɗar roba ba, naitiret, wani sinadari mai ɗauke da naitirojin, zai tsiyaya zuwa rijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a lita ga ruwan sha, saboda jarirai. Ga ban ruwan kayan lambun da ake ci ɗanye kuwa, ƙa'idarta ta 1989 ta ce kada ƙwan tsutsar ciki ya wuce ɗaya a lita.

Don haka, ranka ya daɗe, idan wakilanka suka je ganin irin wannan aiki, su tambayi yaushe aka yashe tafki na farko, wa ke share raga, kuma ina sakamakon awon ruwan da ke fita.

Naka,
Wani ma'aikacin tsaftar ruwa