Yumɓun fuska ya tafi da girata

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni fili in ja kunnen 'yan uwana mata kan yumɓun nan da ake shafa wa fuska, in ya bushe a ɓare shi kamar bawon albasa. Na sayo nawa jaka biyu a Kasuwar Dole, na lafta har kan gira, ga hunturu. Wajen ɓarewa sai hawaye, rabin girar ta bi shi! Maiƙo yumɓu ke tsotsewa, mai busasshiyar fata ta haƙura sai bazara. Ki duba ranar lalacewarsa, ki gwada a bayan kunne tukuna. Ni yanzu goshi da hanci kaɗai nake shafawa, sau ɗaya a sati, in bi da man kaɗanya.

Wata mai karatu,
Unguwar Birni, Damagaram