Wasiƙa zuwa ga ɗana kan nauyin hannu

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ƙaninka ya gaya mini ka fara zuwa koyon damben boksin da yamma, kuma kullum musunku ɗaya ne: tsakanin 'yan damben Amurka Mike Tyson da Deontay Wilder, wa ya fi nauyin hannu? Ban hana ka ba, amma ka ba ni aron kunnenka.

Ni ma na yi wannan musun. A gidan kallo na ga Tyson ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91, damben 1988. Ko gyara zama ban gama yi a kan benci ba, har sai da muka sa mai gidan ya mayar da kaset baya sau uku. A ranar, da wani ya ce akwai wanda ya fi shi, da mun kwashi 'yan kallo.

Sai daga baya na gane ƙirga kisa, wato gama dambe da naushi tun lokaci bai cika ba, ba ya raba gardama. Rocky Marciano ya yi dambe 49, ya yi kisa 43, amma nauyinsa kusan kilo 85 ne. Fury da Wilder ya kai ƙasa da naushi a 2018 kilo 116 gare shi. Dā ana turmi 15, yanzu 12, kuma alƙalan yanzu sun fi saurin tsayar da wasa. Ta yaya za ka auna su da mudu ɗaya?

In kana son gaskiya, tambayi wanda ya sha naushin. Muhammad Ali ya kara da Liston da Frazier da Foreman, Larry Holmes ya kara da Tyson, amma su biyun Earnie Shavers suka ambata a matsayin wanda naushinsa ya fi ƙarfi. To, Shavers ɗin nan bai taɓa riƙe kambun duniya ba. A 1979 ya zabga wa Holmes hannun dama a turmi na 7, ya faɗi warwas. Holmes ya miƙe, ya tsare kansa, ya yi ta cakar sa da hagu har aka tsayar da wasan a turmi na 11.

Ni dai Foreman na fi girmamawa. Ya kayar da Frazier sau 6 cikin turmi biyu a Kingston a 1973. Shekara ta zagayo, a Kinshasa ya ƙarar da ƙarfinsa yana jibgar Ali a jikin igiya, numfashi ya ƙare, ya faɗi a turmi na 8. Ya koyi haƙuri. A 1994, yana ɗan shekara 45, Michael Moorer yana gabansa da maki, ya jira har turmi na 10, sannan ya saki hannun nan, ya gama da shi.

Don haka kada ka ƙare yammacinka kana dukan buhu kawai. Ko a damben gargajiya, hannu ɗaya ne ake naɗe wa kara, ɗayan na kariya ne. Ka koyi tsare haɓa, ka koyi aikin ƙafa, ka riƙa gudun safe. Kada ka shiga gwaji ba robar haƙori da hular kariya. In ka sha duka a ka, ka ji jiri ko amai, ka tsaya ka ga likita a ranar, ko mai horar da ku ya ce ba komai. Kuma hannun nan, ban yarda ka ɗaga wa kowa shi a wajen fili ba.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, hankalinta bai kwanta ba. Ka kira ta ranar Juma'a. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.