Benen maƙwabci ya juyo mana ruwa, an ce mu sayar mu tashi

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni uwar marayu ce a ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Maradi, ba nisa da babbar kasuwa. Gidan da muke ciki na laka ne, na surukina marigayi, ba a raba gadonsa ba har mijina ya rasu. Ke nan ƴaƴana na da haƙƙi a ciki, ƙannen babansu ma na da nasu.

Wani alhaji ɗan kasuwa ya sayi gidajen da ke gabas da mu, ya rushe, ya ta da bene: ƙasa magaza, sama ɗakunan haya. Ban yi masa baƙin ciki ba, Allah ya ƙara masa. Sai dai kafin a fara gini an yi ta juye jar ƙasa har filinsa ya fi namu tudu da kusan gwiwar babban mutum, kuma ɗan lungun da ruwan layinmu ke bi ya gangara gulbi tun kaka da kakanni, ginin ya hau kansa ya zauna. Yanzu da an yi ruwa sai ya taru a gindin katangarmu, ga indararon benen na zubo mata daga sama. Ɗakin ƴan matana ya tsage, tsagar har tafin hannuna na shiga. Tun ruwan ƙarshen watan Agusta na 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka a garin nan, in hadari ya haɗo da dare ba na runtsawa, sai in tashi yara mu koma zaure.

Kai ma ka sani, Malam, ruwa ne ya tashi Maradi daga mazauninta na farko. Ambaliyar 1945 ce ta cinye tsohon gari a bakin gulbi, aka hau tudu aka yanka kare-kare da tituna miƙaƙƙu. Garin da ke da wannan tarihi bai kamata a riƙa toshe wa ruwa hanya a cikinsa ba. In aka toshe, gidan talaka zai faɗa.

Akwai kuma abin da nake jin nauyin faɗa. Tagogin sama tsakar gidanmu suke kallo, makewayinmu kuwa ba rufi. Na ɗaura tabarmi da buhuna, iska na yaye su. Ƴaƴana mata da hijabi suke daka da wanke-wanke a cikin gidan ubansu.

Na tura yayana, daga baya muka je wurin mai unguwa. Alhaji bai yi mana wulaƙanci ba. Ya ce takardunsa cikakku ne, da na fili da izinin gini, kuma in zaman ya gagara a shirye yake ya sayi gidan. Ƙannen mijina har sun fara lissafi. Sun ce tun gyaran garin da aka yi don bikin Maradi Kwalliya na 2015 ƙasa ke tsada, ga maganar jirgin ƙasa daga Kano, gara a sayar yanzu. Amma in aka raba kuɗin, kason marayu bai wuce fili a can bayan gari inda aka yanka sababbin filaye ba, ba pampo, ba wuta, lakkol da nisa. Ni kuwa ƙosai da kunun da nake sayar wa ƴan kasuwa da safe su ne cinmu. Wa zan sayar wa a can?

Abin da ya fi ɗaure ni, mutumin nan abokin mijina ne. Ranar rasuwa da shi aka kai shi makwanci, ya kuma aiko mana da hatsi. Mahaifiyata ta ce kai shi ƙara butulci ne, in yi haƙuri. Haƙurin nake yi, amma damina na tafe.

Don Allah Malam, ka warware mini. Izinin gini yana ba mutum damar juyo wa maƙwabci ruwa, da buɗe taga a kan tsakar gidansa? Ina ganin ya dace masu tsara gari su riƙa zuwa da ƙafarsu su ga inda ruwa ke bi, su ji ta bakin maƙwabta kafin a sa hannu. In na nemi a tilasta masa haƙa kanibo, wato magudanar ruwa, da ɗaga tagoginsa, meri zan dosa, wato ofishin magajin gari, ko fadar sarki, ko kotu? Kuma a shari'a, baffannin yara na da ikon sayar da kason marayu in ni ban yarda ba?

Ina sauraren amsarka a shiri na gaba. Don Allah a sakaya sunana.

Taka mai saurare,
Uwar marayu, Maradi