Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana a Aikin Ragar Bayanan Teku

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A madadin kwamitin zartarwa, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta gabata. Kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne kan aiki guda, wato gina ragar bayanai da za a riƙa fitar da ma'aunan lafiyar teku daga cikinta, shi ya sa shi ne zai ci mafi yawan rahoton nan. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai zo muku daban.

Saboda sababbin mambobi, bari mu ɗan koma baya. A ragar bayanai kowane abu ƙulli ne: tashar awo, nau'in kifi, na'urar da ta ɗauki awo, ranar da aka ɗauka. Zaren da ke haɗa ƙulli da ƙulli shi ke faɗin dangantakarsu. Kowace magana gaɓa uku gare ta, kamar a ce "awon nan, an ɗauke shi da, na'ura kaza". Wannan shi ne tsarin RDF da W3C, hukumar da ke tsara ƙa'idojin shafukan yanar gizo, ta fitar a 1999, kuma da harshen SPARQL ake yi wa ragar tambaya. Amfaninta shi ne, idan aka ce ruwan wani gaɓar teku ya lalace, mutum zai iya bin zaren daga hukuncin har zuwa kwalbar ruwan da aka ɗebo.

Buƙatar hakan a fili take. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 kan muhallin teku ta jera siffofi 11 da ake duba lafiyar ruwa da su, tun daga yawan nau'o'in halittu har zuwa shara da ƙarar da ake yi a ƙarƙashin ruwa. Muradi na 14 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 shi ma yana da nasa ma'aunan, ciki har da na tsamin ruwan teku. Bayanan da za a cika su da su kuwa a warwatse suke, kowa da irin rubutunsa.

Aikin farko da muka kammala shi ne daidaita sunayen halittu. Jatan landen da aka fi kiwo a duniya, wasu takardu suna kiransa Penaeus vannamei, wasu Litopenaeus vannamei. Kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne, sai ta ƙirga biyu, ma'aunin yawan nau'o'i ya kumbura ba gaira ba dalili. Yanzu kowane suna a ragarmu an ɗaure shi da lambar da WoRMS, rajistar sunayen halittun teku ta duniya, ta ba shi, wadda cibiyar nazarin teku da ke Ostend a Beljiyam ke kula da ita. Da wannan lambar muke janyo bayanan inda aka ga kowace halitta daga rumbun OBIS, mai ɗauke da bayanai sama da miliyan 100. Aiki ne mai cin ido da lokaci, kuma matasan mambobinmu ne suka yi shi layi bayan layi. Allah ya saka musu da alheri.

Inda muka sha wuya shi ne awon iskar oksijin, kuma nan ne muka yi kuskuren da ya wajaba mu faɗa muku. Ruwan da oksijin ɗinsa ya yi ƙasa sosai, kifi kan gudu, halittun ƙasan teku su mutu. Yawanci takin gona da ruwan ƙazanta ne ke kwarara teku, gansakuka ta yi yawa, ta mutu, ruɓewarta ta cinye iskar. A Mashigin Tekun Meziko ana ɗaukar miligiram 2 a lita a matsayin iyakar ƙarancin oksijin, a Tekun Baltik kuma an saba da mililita 2 a lita. Duka biyun "2" ne a ido, amma mililita 2 ya kai kusan miligiram 2.9. A gwajinmu na farko mun zuba su kwando ɗaya, sai taswirar ta nuna wurare da dama lafiya lau alhali ba haka ba ne. Wata mamba ce ta gano, da ta bi zaren wani awo ta tarar babu ƙullin da ke faɗin irin mudun da aka auna da shi. Tun daga ranar, ragar ba ta karɓar kowane adadi sai da ma'auninsa, kuma muna ɗauko sunayen ma'aunan daga ƙamus ɗin da cibiyar bayanan teku ta Birtaniya da ke Libaful ke riƙe da shi.

Irin wannan tarkon yana nan a awon tsami. Tun farkon zamanin masana'antu, pH na saman teku, wato ma'aunin da ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1. Sikelin da ake auna shi da su kuwa sun fi ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin wasunsu ta kai kusan 0.1, daidai da dukan canjin da ake son ganowa. Wanda ya gauraya su zai iya ɓatar da canjin, ko ya ƙirƙiro wanda babu shi.

Wannan ya kai mu ga muhawarar da ta fi zafi a zaman kwamiti. Wasu na ganin da zarar ragar ta kammala, ma'aunin zai fito babu hannun mutum a ciki. Mu dai abin da muka gani a aikace ya saɓa da haka. Mutum ne ke zaɓar iyaka, mutum ne ke zaɓar shekarar da za a kwatanta da ita, shi ne kuma ke yanke wace tasha za a yarda da awonta. Matsayar da muka cimma ita ce kowane irin wannan zaɓi ya zama ƙulli a cikin ragar, da wanda ya yi shi, da dalilinsa, bisa PROV, tsarin nuna asalin bayanai na 2013. Duk wanda bai gamsu ba sai ya canza iyakar, ya sake tambaya, ya ga yadda sakamakon zai sauya. A ganinmu wannan ne ma'aunin da ba son rai a cikinsa.

Mun kuma gudanar da horo kan rubuta tambayoyin SPARQL, muka fara shigar da awon zafi da gishiri daga na'urorin Argo, waɗanda kusan 4,000 ne ke shawagi a tekunan duniya, kowace tana nutsewa zuwa mita 2,000 duk bayan kwana 10.

Abin da bai yiwu ba shi ne ma'aunin sharar roba. Masu ƙirga ta a bakin teku kowa da yadda yake rarraba ta, kuma ba mu sami hannun da zai daidaita ba. Shi ne aikin farko a shekara mai zuwa, tare da bayanan ruwa marar zurfi na kusa da gaɓa, inda na'urorin Argo ba sa aiki. Duk mamban da ke da ƙwarewa a ɗayan biyun, muna roƙon ya sanar da sakatariya kafin babban taro.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa